GANI YA KORI JI: Bayani A Kan Littattafan Halitta Da Na Tarihi

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin kowa da kome, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A zaurukan malamai da rumfunan 'yan kasuwa akwai wata mas'ala da a kan yi saɓani a kanta, ita ce karatun littattafan da ba na fiƙihu ko nahawu ba ne, ba kuwa tatsuniya ba. Watau littattafan da ke bayanin dabbobi da tsuntsaye da itatuwa, da koguna da taurari, da labarun mutanen da, da yadda al'ummai ke ci da sha da ciniki. Jama'a sun kasu kashi biyu a kansu. Kashi na farko suna ganin lagwu ne, su kan ce almajirin da bai ƙare Risala ba, me ya kai shi labarin tururuwa? Kashi na biyu kuwa, duk abin da suka gani a buge cikin takarda, ko ya zo musu ta waya, sai su haɗiye ba tauna, su fita da shi kasuwa suna rantsuwa a kansa. Duka biyun sun yi hasara. Na farko ya haramta wa kansa daɗi da fa'ida, na biyu ya sayi jabu da kuɗin ƙwarai.

Magabata sun bar wata hanya wadda ta fi waɗannan, ita ce mutum ya karanta don jin daɗi, sa'an nan ya ɗaga kai daga takarda ya duba da idonsa. Wanda ya fi shahara da bin wannan hanya shi ne Jahizu.

FASALI A KAN JAHIZU DA LITTAFINSA NA DABBOBI

Sunansa Abu Usman Amru ɗan Bahru. An haife shi a Basra wajen shekara ta 160 ta Hijira, watau 776 ta Miladiyya, ya rasu a can a 255, watau ƙarshen 868 ko farkon 869. An yi masa laƙabi da Jahizu saboda manyan idanunsa da suka firfito. Ɗan talakawa ne, masu tarihi sun ce yana yaro an gan shi yana tallan gurasa da kifi a bakin wata ƙorama ta Basra. Makarantarsa masallaci ce da kasuwar Mirbad, inda Larabawan daji ke sauka da raƙumansu, ya zauna yana sauraron harshensu da abin da suka sani na daji. A zamanin nan ne takarda ta fara yawaita a Iraƙi, shagunan masu kwafar littattafai suka cika. An ruwaito cewa ya kan yi hayar irin waɗannan shaguna ya kwana a ciki, ba don kome ba sai don ya raba dare yana muɗala'a.

Babban littafinsa shi ne Kitabul Hayawan, mujalladi 7. Ya miƙa shi ga waziri Ibnu Zayyat, aka ba shi tukuicin dinari 5,000. Mai buɗe shi zai tarar ba a jera shi kamar littafin fiƙihu ba, babi bayan babi. Kusan mujalladi biyu na farko gardama ce tsakanin mai goyon bayan kare da mai goyon bayan zakara, kowa na kawo hujjar falalar nasa da aibin na abokinsa. Daga nan ya shiga tattabara da ƙuda da hankaka, da tururuwa da maciji da jimina, har ya kai ga giwa. Yana cikin zancen maciji sai ya ratse zuwa ga waƙa, daga waƙa ya faɗa wani labari na ban dariya, sa'an nan ya komo. Da gangan ya ke haka, ya kuwa bayyana dalilinsa, cewa zuciya tana gajiya da abu guda ko da mai kyau ne, raha kuma ita ke riƙe mai karatu har ya kai ƙarshen ilmi mai nauyi.

Amma abin da ya ɗaukaka littafin shi ne yadda mai shi ke auna magana. A zamaninsa an riga an fassara littafin dabbobi na Arisɗo, masanin Yunanawa, zuwa Larabci, mutane kuwa suna ganin girmansa ƙwarai. Jahizu ya ɗebo daga gare shi da yawa, amma bai sallama masa a kome ba. Ya kan ɗauki maganarsa ya kai ta gaban maharba da matuƙan jirgin ruwa da masu wasa da maciji, ya ji me za su ce. In abin mai yiwuwar gwadawa ne, sai ya gwada da hannunsa. Mutane suna cewa macizai masu dafi ba sa son warin wani ganye da Larabawa ke kira sazab. Jahizu ya samo ganyen ya zuba a kan macijin har ya rufe masa kai da hanci, ya tsaya yana kallo, bai ga wata alama ta abin da a ke faɗa ba, ya rubuta haka nan.

Akwai kuma labarin maciji mai kai biyu, wanda aka ruwaito daga Arisɗo. Jahizu ya tambayi wani Balaraben daji, shi kuwa ya ce lalle akwai shi. Sai Jahizu ya bi shi da tambaya: ta wane kai ya ke tafiya, da wanne ya ke ci, da wanne ya ke sara? Mutumin bai ko yi jinkiri ba, ya ce ai birgima ya ke yi kamar yadda yara ke yi a rairayi, kalacin rana da baki ɗaya, na dare da ɗayan, sara kuwa da duka biyun. Nan Jahizu ya yanke hukuncin cewa ya gamu da shugaban maƙaryata. Mai karatu ya yi dariya, ya kuma koyi darasi, cewa wanda ke da amsar kowace tambaya a bakin leɓe abin tuhuma ne.

Duk da haka shi ma Jahizu ana auna shi. Masu kiwon macizai na wannan zamani sun tabbatar cewa jifa-jifa a kan ƙyanƙyashe maciji da kai biyu a wuya guda, kamar yadda a kan haifi ɗan akuya da tawaya, galibi kuma ba ya daɗewa. Akwai kuma wasu ƙananan macizai masu dunƙulalliyar wutsiya mai kama da kai, su ne ke ruɗin mai gani daga nesa. Baƙauyen ya yi ƙarya a birgima da rabon kalaci, amma asalin zancen yana da tushe.

Ba a ɓoye ba ne cewa Jahizu ɗan Mu'utazila ne, malaman Sunna kuwa sun yi masa raddi a aƙida. Wannan bai hana su karanta shi a harshe da halitta ba, suka ɗauki abin ɗauka suka bar na bari, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa.

FASALI A KAN TURURUWA

Almajirin da ya ratsa Alƙur'ani ya wuce surori masu sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, saboda haka bai kamata zancen tururuwa ya zama ƙanƙani a idonsa ba. Jahizu ya bayyana cewa tana tara hatsi lokacin wadata don lokacin rashi, tana fasa ƙwaya don kada ta tsiro a cikin rami, in kuwa danshi ya taɓa rumbunta sai ta fito da hatsin ta shanya. Ya ce kuma in guda ta sami abin da ya fi ƙarfinta, kamar ƙafar fara, sai ta gwada ta kasa, ta koma gida, jim kaɗan sai ga ta da 'yan'uwanta a jere kamar zare.

Bayan shekaru ɗaruruwa, wasu masanan Turai suka ƙaryata zancen tara hatsi. Dalilinsu shi ne tururuwar ƙasashensu masu sanyi ba ta yin haka, sai suka ɗauka mutanen da sun ga tana ɗauke da 'ya'yanta farare ne suka zaci hatsi. Aka zauna a kan haka har wani ɗan Ingila mai suna Mogrij, wanda rashin lafiya ya kai shi garin Manton a kudancin Faransa, ya durƙusa ya tona gidajenta. Ya tarar da rumbuna cike da iri, ya ga tana gutsure tsiron ƙwayar da ta fara tsirowa, ya ga tana shanya. Ya buga littafinsa a 1873, gardama ta mutu. Da an tambayi tsofaffin ƙasar Hausa da ba a kai haka ba, gama sun san a shekarun yunwa har gidan tururuwa a kan tona don neman hatsi.

Zancen jerin zare kuwa, masana sun gano cewa mai komawa gida tana zuba wani ɗan ƙamshi a ƙasa daga jikinta, shi sauran ke bi. Wannan ba ya bukatar madubin likita. Duk wanda ya ga kiyashi sun yi layi zuwa ga buhun sukari, ya goga yatsa ya ratsa layin, zai ga sun tsaya suna dawurwura a wurin kamar ayarin da ya ɓace hanya. Wanda ya karanta sa'an nan ya gwada wannan da yatsansa, ya sami wani daɗi da mai karatu kawai bai san shi ba.

FASALI A KAN DAMIRI

Wani littafin dabbobi kuma shi ne Hayatul Hayawan na Kamaluddin Damiri, mutumin Alƙahira, wanda ya rasu a 808 ta Hijira, watau 1405. Ya fara da sana'ar ɗinki, daga baya ya zama malamin fiƙihun Shafi'iyya da hadisi, ya koyar a Azhar. Ya jera littafinsa bisa haruffa, ya buɗe da zaki, sunayen da ya kawo sun haura 1,000. A ƙarƙashin kowace dabba ya kan kawo asalin sunanta a lugga, da siffarta, da hadisan da suka ambace ta, da hukuncin cin namanta, da karin magana, da maganin da a ke yi da sassanta, da fassararta a mafarki. Da ya zo kan dinya, zance ya ja shi har ya zuba tarihin halifofi tun daga farko. Littafi ne na hira, wanda a ke buɗewa ko'ina a sami abin tauna.

Sai dai Damiri mai tarawa ne, ba ya cika gwadawa kamar Jahizu. A lugga da hukunci ƙafarsa a kafe ta ke, amma babin magunguna ya tara abin da ya tarar a littattafan da suka gabace shi, sahihi da wanda ba sahihi ba. A nan ne hatsari ya ke, domin kuskure a labarin giwa dariya ce, kuskure a maganin yaro mai zazzaɓi kuwa makoki ne. Likitocin da sun daɗe suna cewa zazzaɓin damina daga mugun iskan fadama ya ke. A 1880 wani likitan Faransa mai suna Laberan ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majiyyaci a Aljeriya, a 1897 kuma wani likitan Ingila mai suna Ros ya same ta a cikin sauro a Indiya. Mai hankali ya karanta Damiri don hira da lugga, ya rataya gidan sauro, ya kai yaro asibiti.

FASALI A KAN KOGIN KWARA

Littattafan ƙasa da tarihi su ma haka su ke, misali mafi kusa kuwa shi ne Kwara. Idirisi, wanda ya gama littafinsa a tsibirin Sikiliya a 1154, ya ce kogin ƙasar baƙar fata tushensa ɗaya da Nilun Masar, yamma kuma ya ke gudu har teku. Ibnu Baɗuɗa ya zo Mali da ƙafarsa a 1352, ya ga dorina a karo na farko har ya zaci giwa ce, daga baya ya shiga kwalekwale daga Tambutu zuwa Gawo. Shi ya san gabas ruwan ke yi a wurin, amma ya kira shi Nilu, ya ce yana zarcewa har ƙasar Nuba ya faɗa Masar. Abin da ya gani da ido ya faɗa daidai, abin da ya ji daga nesa nan ya zame. Dalilin ruɗanin shi ne akwai kogin Sanagal mai yin yamma, akwai Kwara mai yin gabas, ayarori kuwa suna ƙetare su a wurare dabam-dabam, marubuci na zaune a birni ya haɗa labaran ya mai da su kogi guda.

A 1796 Mungo Fak ya tsaya a Segu ya ga ruwan yana gabas. Da ya komo don ya bi shi har ƙarshe, sai ya halaka a Busa, tsohon garin da ruwan madatsar Kainji ya rufe a 1968. A 1824 Kilafaton ya iso Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna da shi, ya ba shi taswira. Baƙon ya koma kuma da wani yanki na Infaƙul Maisuri, littafin da Bello ya gama a 1812, wanda ya buɗe shi da bayanin ƙasashen Takruru da mutanensu, aka buga fassarar yankin a Landan a 1826. Sai a 1830 ne Landa da ƙanensa suka bi ruwan daga Busa har ya kai su teku.

Yau yaron makaranta ya san cewa Kwara ya taso daga duwatsun Gini, wajen mil 150 kacal daga teku, amma ya juya mata baya ya nufi bakin Sahara. Bayan Tambutu ya karyo kudu maso gabas, ya wuce Gawo da Yamai da Yawuri da Jaba, ya sadu da Binuwai a Lakwaja, ya shiga teku ta bakuna masu yawa bayan tafiyar mil 2,600, watau wajen kilomita 4,180. Fataken goro masu zuwa Gwanja da Nufawa masu jirage kowa ya san yankin da ya ke ƙetarewa tun kafin wannan duka. Abin da ya ɓace shi ne mai tara sanin nasu a takarda guda. Ɗan kasuwa ya lura da wannan, abin da ya gani a hanya ilmi ne, wani lokaci ma shi ne gyaran littafin malam.

FASALI A KAN ZAMAN DUNIYA DA LITTATTAFAN HAUSA

Wanda ke son sanin yadda mutanen da ke zaune a gidajensu, ya nemi Kitabul Bukhala na Jahizu, watau littafin marowata. A ciki akwai labarin wasu 'yan Khurasan da suka yi karo-karon kuɗin man fitila, ɗaya ya ƙi bayarwa, sai suka riƙa ɗaure masa idanu da mayafi in an kunna, ba sa kwancewa sai an kashe. Ana cikin dariya sai a tarar an san abincinsu da tufafinsu da rigimar mai gida da ɗan haya a Iraƙi ta shekaru fiye da 1,100 da suka wuce, a ga ashe halin ɗan Adam bai sake ba.

Wanda Larabcinsa bai kai can ba, Hausa ba ta bar shi hannu wofi ba. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu ya fito a mujalladi biyu a 1932 da 1933, a cikinsa akwai fassarar tsohon tarihin sarakunan Kano. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan zuwansa Ingila a 1943, kuma shi da Dokta R. M. East suka wallafa Ikon Allah, mai bayanin halitta iri iri da Hausa mai sauƙi. Waziri Junaidu na Sakkwato ya bar Tarihin Fulani, Alhaji Abubakar Dokaji ya bar Kano Ta Dabo Cigari. Waɗannan su ma an yi musu shekaru, bincike ya ci gaba bayansu, saboda haka ma'aunin da aka ɗora wa Jahizu shi za a ɗora musu.

KAMMALAWA

Ma'aunin nan ba baƙo ba ne ga masu karanta wannan shafi. Malami ya san ba a karɓar ruwaya sai an duba masu ruwaitowa, ɗan kasuwa kuwa ba ya biyan kuɗin huhun goro sai ya kwance ya ga na ƙasa. Haka za a yi wa littafi, a tambaye shi wa ya rubuta, a wace shekara, kuma gani ya yi ko ji. Tsufan littafi ba ya mai da shi gaskiya, labarin Kwara shaida ne. Sabuntarsa ma ba ta mai da shi gaskiya, labarin tururuwa shaida ne.

Mafi daɗin karatun irin waɗannan littattafai shi ne na taro. Bayan la'asar, in an tashi daga darasi ko ciniki ya lafa, mutum guda ya karanta shafi biyu ko uku da ƙarfi, a bar maharbi da masunci da makiyayi da wanda ya yi fatauci su ce wani abu. Inda suka gaskata littafin, a rubuta a gefen shafi. Inda suka saɓa masa, nan ma a rubuta, da sunan wurin da aka gani da shekara. Tsofaffin da suka san sunan kowace ciyawa da kukan kowane tsuntsu suna ta tafiya, dajin da suka koya a cikinsa kuma yana komawa gona. Abin da aka rubuta daga bakinsu yau, shi jikoki za su karanta su auna gobe.

An ce Jahizu ya tsufa, ɓarin jikinsa ya shanye, amma bai rabu da littattafai ba, yana jibge su kewaye da shimfiɗarsa, har wata rana tarin ya rufto masa, ajalinsa ke nan. Wannan ma ruwaya ce, mai karatu ya ɗora ta a ma'auni kamar yadda mai ita ya koyar.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya tsare mu daga wanda ba ya amfani. Allah shi ne mafi sani. Tammat.